Me za mu kira "open source" da Hausa?

1/ Rust, yaren rubuta manhaja da Graydon Hoare ya ƙirƙiro kuma Mozilla, masu manhajar Firefox, ta raina, ya samu karɓuwa wajen manya. A 2021 Google da Microsoft da Huawei da AWS na kamfanin Amazon suka haɗu da Mozilla aka kafa masa gidauniya, a ƙarshen 2022 kuma aka shigar da shi cikin Linux 6.1, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Dalili shi ne yana toshe kurakuran ma'adanar kwamfuta (memory), waɗanda Microsoft ta ce su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na matsalolin tsaronta. To, duk mai ba da labarin nan da Hausa sai ya yi karo da "open source", wato manhajar da aka bar rubutunta a fili don kowa ya duba ya gyara, kamar Rust. Ga shawarwarin da aka kawo.

2/ "Manhajar kyauta". Wannan kam a'a. WhatsApp kyauta ne, amma wa ya isa ya buɗe cikinsa ya gyara? Kamfanin Red Hat kuwa buɗaɗɗiyar manhaja yake sayarwa, kuma ya yi kuɗi da ita. Ba maganar farashi ake yi ba.

3/ Wani dattijo daga Damagaram ya ce "manhajar gayya". Baba, wallahi wannan ta burge ni. Haka Rust yake tafiya: wani a Jamus ya gano ɓaraka, wani a Indiya ya rubuta gyara, wasu su duba kafin a karɓa, yawancinsu ba wanda ya ɗauke su aiki. Sai dai a gayya, in an tashi daga gona hatsin na mai gona ne. Nan kuwa lasisin MIT da Apache 2.0, wato takardun izinin da aka saki Rust a ƙarƙashinsu, sun ba kowa damar ya kwashe rubutun gaba ɗaya, ya canza, ya raba, har ya sayar in ya ga dama. Kuma mutum ɗaya tilo zai iya rubuta manhajarsa ya sake ta a haka, ba tare da ya gayyaci kowa ba.

4/ Saura "buɗaɗɗen tushe". An ce fassara ce kai tsaye, gaskiya ne, amma ta zauna daidai: tushen manhaja shi ne rubutun da aka gina ta da shi, kuma ga shi a fili.

5/ Ni dai zan riƙa cewa Rust yare ne mai buɗaɗɗen tushe, wanda ake ginawa ta hanyar gayya. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka saba da "logiciel libre", ko "'yantacciyar manhaja" ta fi shiga kunnenku?