Musayar baiti: waye sarkin dawakin Aintree?

Baban Barga, Obalende:
Salam jama'a, ɗazu ina wanke doki naji yaran barga na ta musu wai dokin nan Tiger Roll yafi kowa a Grand National, babbar gasar sukuwar tsallake shinge ta Ingila, nace bari in jefa baiti wanda ya isa ya amsa.

Tun 1839 ake sukuwa,
A Aintree can Libaful ake karawa,
Doki mai suna Lottery ne ya fara cinyewa,
Shinge talatin ake tsallakewa,
Red Rum ya ci 1973, 74 ya sake lashewa,
Sau biyu ya zo na biyu, 77 ya ƙara ɗaukewa.

Auta, Mile 12:
Baba a yi haƙuri, yaran sun yi gaskiya,
2018 da 2019 Tiger Roll ne a gaban tafiya,
Korona ce ta hana 2020, da ka sha kunya.

Hajiyar Agege:
Ku dai maza kullum sai ku bar mu a baya,
2021 Rachael Blackmore ta ja linzami ba gajiya,
Kan Minella Times, mace ta farko, a faɗa wa duniya.

Ɗan Idi-Araba:
Ni fa Foinavon ne nawa, na 1967, wanda ba wanda ya sa wa ido.

Yana can baya kamar mai jin magagin kwana,
Shinge na 23 dawakai suka cakuɗe, wasu a ƙasa wasu na juyawa gefe guna-guna,
Ya raɓa ya wuce abinsa, yau shingen ma shi ya ci suna,
Rabon kwaɗo ba ya hawa sama, Baba ka tuna.

Baban Barga:
Ɗana sa'a daban ƙashi daban. Red Rum da ciwon kofato aka sayo shi, a yashin bakin teku na Southport mai horar da shi Ginger McCain ya dinga kilisa da shi yana sa shi cikin ruwan gishiri, kuma ni da na sha kai doki bakin ruwa da asuba na san yadda yake jiƙa ƙafa ya fito yana huci.

Da ya mutu 1995 ba a kai shi nesa ba,
Gindin sandar nasara aka binne shi, naka bai samu haka ba.

Alhaji Tsoho, Ebute Metta:
Kuna ta musun dawakin Ingila, 'ya'yana,
Mu a Race Course na Ikko muka ga sukuwa da idona,
Nan aka ɗaga tuta a 1960, yau Tafawa Balewa Square ake kira,
Motocin BRT ke lodi, dawakin kan ƙofa sun ɗaga ƙafa sun ƙi zabura.

Auta:
Alhaji "mu" da "idona" a layi ɗaya? A gyara kafin in amsa.