Ranar farko a Wikipedia ta Hausa: kowa ya faɗi tasa

Ɗalibi a Yamai:
Salamu alaikum ƴan uwa. Makon jiya na buɗe asusu, na rubuta shafi a kan ƙauyenmu na wajen Illela. Da safe na tarar an manna masa alamar babu madogara, alhali kowace kalma daga bakin kakata ta fito. Ku da kuka riga ni, yaya kuka fara?

Malamar lakwal, Tawa:
Ƙanena, kakarka ta fi littafi sanin garin, amma can ba a karɓar "an ce". Sai abin da aka buga, wanda wani zai iya dubawa. Mu a Nijar yawancin abin da aka rubuta a kanmu da Faransanci yake, kuma ana karɓarsa, kai dai ka zuba bayanin da Hausarka. Da zan taɓa tarihin Adar, littafin masanin tarihi Djibo Hamani na 1975 na aro, wanda jami'armu ta Tawa ke ɗauke da sunansa. Jumla uku kacal na ƙara, kowace da lambar shafinta. Har yau babu wanda ya taɓa su.

Wani daga Harobanda:
Ni rigimata a kan ƴ aka yi ta. Na rubuta "ƴan kokawa" kamar yadda aka koya mana, wani edita daga Najeriya ya bi ya mayar da su 'yan. Na mayar, ya mayar. Sau uku! Sai wani dattijon edita ya ce mu bar jan igiya, mu koma shafin tattaunawa. Can na gane mutumin ba raini yake yi ba, a ganinsa gyara yake mini, don su haka suke rubuta shi. Can kuma na koyi sa hannu da ~~~~, don da saƙona ba suna ba kwanan wata, kamar wasiƙar ɓarawo.

Mai ɗaukar hoto, Tawa:
Malama, ni hoto ya kayar da ni. Ina rubutu kan kokawar takobi, wadda aka fara a nan Tawa a 1975, sai na kwaso hoto daga Facebook na ɗora a Commons, rumbun hotunan da Wikipedia ke amfani da su. Kwana biyu aka goge, wai ba ni na ɗauka ba. Da gaskiyarsu. Yanzu buhunan albasar Galmi da ke can, da wayata na ɗauka.

Malamar lakwal, Tawa:
Af, na manta. Ƙanena, ka riƙa adana aikinka kaɗan-kaɗan. Kuran ya taɓa ɗaukewa ina tsakiyar sakin layi na biyar, komai ya tafi.

Ɗalibi a Yamai:
Na gode, Yaya. Gobe zan leƙa laburaren IRSH, cibiyar binciken tarihi da al'adu ta jami'ar Yamai, ko akwai abin da aka buga a kan garinmu. Maganar kaka kuma na ɗauka a waya na ajiye.