Mura ta ƙi sakin yarona, asma kuma ta tashi, ku ba ni shawara

Maman Nura:
Salamu alaikum 'yan uwa, daga Tawa nike. Yarona shekara 6 gare shi, yana da asma tun yana ɗan shekara 3 amma bana tunda hunturu ya shigo abin ya wuce misali. Mura ta kama shi yau sati ukku ke nan ba ta sake shi ba, majina mai kauri koriya, hanci a toshe da baki yake shan iska, da ya kwanta sai tari sai tari har amai, can cikin dare ki ji ƙirjinshi na kuka kamar ɗan kyanwa. Jiya a zaune munka kwana, na jingina shi jikina har kiran assalatu. Lokotoro ya ce sinizit ce ke tada mishi asmar, ya rubuta ordinansi har da maganin fesawa a hanci, babanshi kuma ya ce mi ya haɗa hanci da ƙirji, siron tari kawai za a sayo. Wallahi na rasa ta cewa.

Maman Biyu:
Allah shi ba shi lafiya. Haka munka sha da Hasana. Ni dai abin da na gani, ranar da na bar turaren wuta da maganin sauro na hayaƙi a ɗaki munka koma gidan sauro, tarin dare ya ragu sosai. In za ki yi shara ki yayyafa ruwa tukuna, kuma shi yana waje.

Inna Hajiya:
Ɗiyata ki turara mishi habbatussauda ya shaƙa, hanci zai buɗe.

Anti Rabi:
Inna ki yi min aikin gafara, mai asma ba a ba shi hayaƙi ko na mine ne, shi ke shaƙe shi. Maman Nura ni ma'aikaciyar lafiya ce a Yamai, lokotoronku gaskiya gare shi. Sinizit kumburin sinis ne, sinis kuwa wasu 'yan kogunan iska ne cikin ƙashin fuska, gefen hanci da tsakanin idanu, kuma daga hanci har huhu hanya guda ce, fatar da ta shimfiɗe cikinta ma iri guda, in sama ta kumbura ƙasa ma sai ta harzuƙa. Majinar nan in ya kwanta baya take gangarawa maƙogwaro, ita ke kawo tarin dare. Sannan hanci ne ke tace ƙura ya ɗumama iska, to shi da ke shaƙa da baki iskar hunturu mai sanyi da ƙura kai tsaye take faɗa mishi ƙirji. Murar da ta wuce kwana 10 ba sauƙi dama ana zargin sinizit. Siron tari ba ya taɓa sinizit ɗin, ba ya taɓa asmar. Ki wanke mishi hanci da seram fiziyolojik (ruwan gishiri na farmasi) kafin ki fesa maganin, in da antibiyotik a ordinansin ya sha har ya ƙare ko da ya ji sauƙi. Ventoline, pompin da ake shaƙa in asma ta tashi, buɗe hanya kawai take, in kusan kullum kuke jawo ta ki gaya ma lokotoro, akwai pompin da ake shaƙa safe da yamma don kumburin. Amma in kin ga ido ya kumbura, ko haƙarƙari na lotsawa in ya ja numfashi, ko ya kasa magana, ko leɓe ya canza launi, kar ki jira safiya ku tafi likita.

Maman Nura:
Na gode Anti, Allah shi saka da alheri. Na karanta ma babanshi, ya yi shiru, yanzun nan ya karɓi takardar ya nufi farmasi. Seram ɗin sau nawa a rana? don Nura ba ya yarda a taɓa mishi hanci.

Anti Rabi:
Safe da kuma kafin ya kwanta, in ya toshe da rana ki ƙara. A zaune za ki yi mishi, kai ya ɗan sunkuya gaba, ki fara yi ma kanki a gabanshi ya gani.