Wai da gaske 'yan fim da mawaƙa na iya tayar da tattalin arzikin yanki?

Dan_Malam:
Salam jama'a, don Allah a fahimtar da ni. Kullum sai ka ji ana cewa harkar ƙirƙira, su fim, waƙa, zane, wasannin kwamfuta, ita ce za ta farfaɗo da yankin da masana'antunsa suka mutu. To ta yaya mai riƙe kyamara zai maye gurbin kamfanin da ke ɗaukar dubban ma'aikata? Ko dai daɗin baki ne kawai?

Ummu_Hanan:
Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ai ba mai kyamarar kaɗai za ka duba ba, duba masu samun na tuwo a bayansa, direba, kafinta, tela, mai haɗa wuta, masu otal. Jihar Georgia ta Amurka tun 2008 take yi wa kamfanonin fim rangwamen haraji har kashi 30 cikin ɗari, yau Atlanta, babban birnin jihar, ta cika da situdiyo. Ga Bilbao a Sifen, garin ƙarfe da ƙera jiragen ruwa ne da ya durƙushe, da aka buɗe gidan adana kayan zane na Guggenheim a 1997 sai baƙi suka dinga tururuwa.

Gaskiya_Daci:
Hajiya kin faɗi rabi kin bar rabi fa. Bilbao ba ginin nan kaɗai ya tashe ta ba, sun tsabtace koginsu, sun buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa tun 1995, ginin ya zo ya tarar da shiri ne. Shi kuma rangwamen haraji ni ban cika yarda da shi ba, kamfanin da ragi ya kawo shi, ranar da wata jiha ta ƙara ragi zai naɗe tabarmarsa ne, kuma babban kuɗin fim ba a wajen ɗauka yake ba yana wajen mai haƙƙin mallaka, in shi a wani gari yake zaune to ku ladan aikin 'yan watanni kawai kuka ci. Sannan unguwa na yin suna haya ta tashi, masu zanen da suka ja mata sunan su ne farkon tashi.

Injiniya77:
Shi ya sa Koriya ta Kudu ke burge ni. Bayan karayar tattalin arzikin 1997 gwamnati ta zuba kuɗi a harkar, amma kamfanonin waƙar nasu ne na gida, ribar gida take dawowa.

Dan_Malam:
Na gode ƙwarai. To malam Gaskiya, ƙaramin yanki da ba shi da kuɗin Koriya, da me zai fara, makarantar koyon sana'ar ko dokar hana satar fasaha?