Lissafin Gierer da Meinhardt ya ƙi fitar min da zane

Salamu alaikum. Ɗalibin lissafi ne ni a Kaduna, ina aikin kammala digiri kan yadda ƙwayoyin ɗan tayi, da suka fara iri ɗaya, ke rarrabuwa. Na ɗauki tsarin Gierer da Meinhardt na 1972, mai tushe a tunanin Turing na 1952: sinadari ɗaya yana zuga, ɗayan yana dannewa, mai dannewar kuma ya fi saurin bazuwa, daga nan sai zane ya fito, wato yawan sinadarin ya yi tudu a wasu wurare, ya yi kwari a wasu.

Na rubuta tsarin a Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, da hanyar Euler mai lissafa canji taki-taki, ƙwayoyi 200 a jere. Da farko lambobin sai su yi ta hauhawa har allon ya cika da NaN, alamar da kwamfuta ke nunawa idan sakamako ba lamba ba ne. Na rage dt, tsawon takin lokaci, har D·dt/dx² (D ƙarfin bazuwa, dx tazarar ƙwayoyi) ya sauka ƙasa da 0.5, wannan ya lafa. Yanzu kuma layin da ke nuna yawan sinadarin a jeren ƙwayoyin miƙe yake sambal, ko tudu ɗaya babu. Na sa 'yar hargitsi a lambobin farko, na ninka bazuwar mai dannewa sau 20, na bar kwamfutar ta kwana tana aiki a kan inbata. Da asuba, layin nan dai.

Don Allah, wane sharaɗi zan duba a Jacobian ɗin, wato jadawalin da ke nuna yadda ƙaramin canji a kowane sinadari ke shafar tsarin, in tabbatar lambobin da na zaɓa wa tsarin za su iya haifar da zane kafin in sake kunnawa?