Muhawara kan ɗan gidan da Le Corbusier ya gina wa iyayensa

Malam Sani: Ina da ja a kan maganar da Hajiya ta yi cewa gidan da shahararren mai zanen gine-gine Le Corbusier ya zana wa iyayensa a Corseaux, a bakin Tafkin Janiba da ke Suwizalan, ya isa mutum ya yi takakkiya ya je ganinsa. Tsawonsa mita 16 ne, faɗinsa mita 4, kuma a ganina da wanda ba a sani ba ne ya zana shi, da UNESCO ba ta saka shi cikin kayan tarihin duniya a 2016 ba. Sunan mai zanen ake girmamawa kawai.

Hajiya Binta: Malam, da girman kujerarka, ni na shiga gidan nan da ƙafata, kuma ba suna ne ya tsayar da ni a ciki ba. Taga guda ce mai tsawon mita 11 take fuskantar tafkin, ta yadda tsohuwar mahaifiyarsa, ko tana cin abinci ko tana hutawa, ruwa da duwatsu na gabanta ba tare da ta taka matakala ba. A lambun kuma ya ja katanga ta tare idon mutum, sannan ya huda ta a wuri ɗaya, ya kafa teburi a gindin hudar, domin ya san abin da ido ya cika gani yakan daina ganinsa. An gama ginin a 1924, mahaifin ya rasu a 1926, amma mahaifiyar ta zauna a ciki har rasuwarta a 1960.

Injiniya Bashir: Hajiya, ki yi mini afuwa, akwai abin da ba a faɗa ba. Bangon gidan ya tsage saboda hawa da saukar ruwan tafkin, har sai da aka lulluɓe fuskar kudu da kwanon alminiyom. Da ɗalibina ne ya yi wannan kuskuren, da ban yafe masa ba.

Hajiya Binta: Gaskiya ne, Injiniya, kuma kwanon yana nan, ba a ɓoye shi ba. Ni dai na tsaya a kan cewa ɗan da ya auna ƙarfin iyayensa da ya ragu, ya yi musu gida daidai da shi, ya yi aikin da ya kamata magina su je su gani.

Malam Sani: Na karɓi maganar taga da katanga, Hajiya, amma tsagewar bangon nan har yanzu tana tsaye a raina.