Aikin jami'a a Damagaram: waɗanda ke ciki, ku faɗa mini gaskiya

Ɗan Zango: Assalamu alaikum. Shekarata huɗu ina riƙe da lissafin kuɗi a wani furoje, kwantiraginmu kuma zai ƙare ƙarshen shekara. Ina da mastar. Wani malamina ya matsa mini in yi doktora in shiga koyarwa a jami'a, maiɗakina ta ce in nemi wani furojen tunda can kuɗi yake. Don Allah wanda ya taɓa aikin jami'a ya ba ni labari.

Tsohon Mushe: Wa alaikumus salam, ƙanena. Mu lokacinmu jami'ar gwamnati ɗaya ce a ƙasar nan, ta Abdou Moumouni. Mai son wannan aiki sai ya tattara ya koma Yamai, tafiyar kilomita wajen 900, ya ga tsofaffinsa sallah sallah. Sai a 2010 aka buɗe ta Damagaram tare da ta Maraɗi da ta Tawa, ta Damagaram ɗin ce yanzu ke ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihin nan ɗan garin nan da ya jagoranci babban taron ƙasa na 1991. Yau ina fitowa daga aji in biya Birni in gaida tsohuwa kafin magariba. Wannan ba albashin da zai saya maka shi.

Amma ka san ƙarin girma ba a hannun shugabanka yake ba. Takardunka CAMES ake kai wa, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da ke Wagadugu, malaman wasu ƙasashe su duba abin da ka wallafa, sau ɗaya a shekara. In sun mayar da kai, sai baɗi. Ni sau biyu ana mayar da ni kan maƙala guda da ta rage. Yaushe za ka rubuta ta? Rana aji, dare takardun jarrabawa tuli, ga zafin watan Afrilu.

Mai Kasea: Malam ya faɗi na waɗanda suka shige. Ni ɗan awa ne, ana biyana gwargwadon awannin da na koyar, a wata babbar makaranta da ba zan kama sunanta ba. Na gama darussa kafin azumi, kuɗin bai fito ba sai bayan babbar sallah. Rago bashi na ci. A unguwa kuwa kowa malamin jami'a yake ce mini, biki ko suna ni ake fara kawo wa goro. Yaya za ka ce wa kawunka ba ka da jika biyar?

Hajiyar Buro: Ba kowa ne mai alli ba fa. Ni a ofishin rajistar ɗalibai nake, shekara tara. Tun da aka koma tsarin lisans, mastar, doktora, kowane zango da makinsa, kuma mu ke shigar da su. Maki ɗaya ya ɓace, yaro zai tsaya bakin tagarki yana kuka, ke da ba ki gyara takardarsa ba. In aka yi yajin aiki, na malamai ko na ɗalibai, shekara ta ja, hutun da kika shirya ya tafi. Duk da haka ban taɓa kwana da tsoron wai kwantiragi zai ƙare ba, kuma ƙannena uku ni na nuna masu ƙofar samun gurbin karatu, don ina jin labari tun da zafinsa. Ɗana, da lissafin da ke hannunka, me ya hana ka nemi sashen kuɗi?

Tsohon Mushe: Hajiya ta kawo magana. Sai dai in koyarwar yake so, doktora shekara uku ce a takarda, a aikace takan zarce. Ya tanadi abin da gida zai ci.

Ɗan Zango: Na gode, Allah ya saka. Wallahi sashen kuɗin bai taɓa faɗo mini ba. Hajiya, gasa ake yi ko takardu kawai ake ajiyewa? Mai Kasea, kai kuma shekara nawa ke nan kana jira a ɗauke ka?

Mai Kasea: Ta biyar na shiga.